Enid Gledhill da Gwangwani Talatin da Ɗaya

An sayar da gidan kek na bakin gada a watan Oktoba, aka ba Enid Gledhill mako uku ta kwashe kayanta, ita da ta yi shekara arba'in da shida a gaban tanderun gidan. Kayan nata ba su cika jaka ɗaya ba: rigar aiki biyu, wuƙar shafa sukari, da tsohon sikelin da ta zo da shi daga gidan uwarta. Kayan mutane ne suka zama matsala. Gwangwani talatin da ɗaya a ɗakin sanyi na baya, kowanne da kek a ciki da sunan mutum biyu a murfinsa, kuma babu wanda ya zo ɗauka.

Sunana Desmond Firth. Ni ne mai farar motar kayan nan da ke tare muku hanya a gaban kantin magani. Shekara goma sha tara ina kai fulawa gidan kek ɗin, ina rarraba abin da aka gasa. Ina ɗan sha biyar na bar makaranta, ban kuma yi kewarta ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya miƙe shi a ransa. Na roƙi shafi a takardar garinmu ta wata-wata ne saboda na jira wanda ya fi ni iya magana ya yi, har wata shida, shiru.

Da yawanku a Skelbeck kun ci hannunta tun kuna goye, amma in ta wuce ku a hanya ba za ku gane ta ba. Ba laifinku ba ne kaɗai. Sunan marigayi Mista Hirst ne a allon ƙofa, shi ne a gaban kanti yana dariya da mata, ita kuwa tana baya. Biyar saura kwata na asuba take fitowa daga gidanta na layin coci, makulli ɗaure da igiya a wuya, ta gangaro tudu ita kaɗai. Ta kunna tanderu, ta ɗora buta, ta sha shayinta a tsaye. Babu rediyo. Kafin ni in iso ƙarfe bakwai ta fitar da zubi biyu, tagogi sun yi gumi, ƙamshi ya kai gada. Ƙarfe biyu na rana ta wanke komai, ta rataye rigar aiki, ta fita ta ƙofar baya ta hau tudu. Gidan da take komawa babu kowa a ciki, ko kyanwa. Haka kwana shida a mako, tun tana 'yar ashirin da biyar.

Ba ta auna kaya da kofi. In za ta yi kek ɗin jam na shayin Lahadi, ƙwai huɗu take ɗorawa a sikeli da ɓawonsu, nauyin da suka bayar shi ne na man shanu, shi ne na sukari, shi ne na fulawa. Na taɓa ce mata ai akwai littafi da ya faɗi awon, me ya sa take wahalar da kanta. Ta ce in je in nuna wa kazar littafin, in ta yarda ta riƙa yin ƙwai daidai da shi, ita ma za ta bi. Jam ɗin kuma, wato maɗin 'ya'yan itace, sai ja, shafi ɗaya a tsakiya, a barbaɗa sukari a sama, shi ke nan. Wanda ya ce a cusa masa wani abu dabam sai ta nuna masa hanyar babban kanti.

Norman Sugden mahauci shi ya ba ni wannan da bakinsa. Wata shekara ya manta bai sa an ajiye masa parkin ba, kek ɗin citta da baƙin maɗi da muke ci ranar biyar ga Nuwamba a bakin wuta. Ya zo ana saura kwana biyu, ya tarar ta fitar da sabo yana tururi, ya ce a yanka masa. Ta ce a'a, wannan sai ya kwana bakwai a rufe a gwangwani ya yi danƙo, kafin nan katako ne. Ya ce zai biya ninki biyu. Ta ce ko ninki goma ne ba za a ci wannan a ce hannunta ne ba. Norman ya fita yana ƙunƙuni. Bai kai gada ba ta biyo shi da ƙunshi, rabin wanda ta ajiye wa kanta ne tun makon jiya. Ta danƙa masa ta ce baɗi ya rubuta a goshinsa. Ya ce har yau in Oktoba ta raba tsakiya gabansa faɗuwa yake.

Shekarar da ƙanƙara ta rufe hanya kwana tara, mijin Maud Holroyd ya rasu. Wuta ta ɗauke, tanderun kanti ya mutu, motata ta nutse har taya. A garin nan kuwa mutum bai gama binnuwa ba sai an koma zauren coci an sha shayi, an ci kek ɗin zabibi da yankan cuku a gefe. Maud ta riga ta haƙura, ta ce biskit ma ya isa. Da aka dawo daga maƙabarta sai ga kek uku a tebur. A murhun gawayi na gidanta Enid ta gasa su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure a katakon sulun da yara ke wasa da shi a kan ƙanƙara, ta jawo su har zaure. Maud ta ce ta neme ta don ta riƙe hannunta, aka ce tana can baya tana wanke kofuna.

Can baya ɗin nan shi ne wurinta a kowane taro. Kek ɗin aure ta yi ya fi ɗari takwas. Na tambaye ta sau nawa aka ba ta kujera a teburin biki, ta yi lissafi da yatsa ta ce uku. Ba ta taɓa aure ba, kuma kada ku tsaya neman labarin wani saurayi da ya tafi bai dawo ba. Babu. Na tambaya. Ta ce masu zuwa zance da yamma suke zuwa, ita kuwa ƙarfe takwas ta yi barci.

To, ga maganar gwangwanayen.

Kowa ya san hawan sama na kek ɗin aure ba a yanka shi ranar biki. Ajiye shi ake yi sai ranar da aka kai ɗan fari coci aka raɗa masa suna. A wasu garuruwa amarya ke ajiyewa a ɗakinta. Mu gidajenmu na bakin kogi laima gare su, wata biyu kek ya yi funfuna, shi ya sa tun kafin in zo aikin amare ke barin nasu a wurin Enid, a ɗakin dutse na bayan kanti inda babu zafi babu danshi. Ta naɗe shi da takarda mai maiƙo, ta sa a gwangwani, ta rubuta sunan ango da amarya da shekara. Sannan ta faɗa wa amaryar magana ɗaya, wadda na ji da kunnena ya fi sau ɗari:

"Je ki abinki. Ina nan duk ranar da kika zo."

Sau biyu a shekara take buɗe su duka, ta sake takarda, ta ɗiga wa kowanne cokali ɗaya na barasa don kada ya bushe, ita da ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronta ba. In haihuwa ta zo, ta kankare tsohon sukarin ta shafa sabo fari fat, ni in kai. Yawanci shekara ɗaya ko biyu ake yi a zo ɗauka. Waɗanda suka rage kuwa, ba sai na yi muku bayani ba. Wasu haihuwar ce ba ta zo ba, wasu auren ne ya mutu, wasu sun bar gari, wasu ɗayansu yana maƙabarta. Mista Hirst ya sha ce mata ta zubar, wuri suke ci. Ita ma ta san kek in ya wuce shekara uku ko huɗu ba na ci ba ne. Ba ta taɓa yi masa musu ba, ba ta kuma taɓa zubar da ko ɗaya ba.

Da Mista Hirst ya rasu 'ya'yansa na birni suka sayar da ginin. Ba zan zage su ba, nasu ne. Hasali ma mun ɗauka alheri ne ya zo wa Enid ta bayan gida, domin a daidai lokacin aka kira ta daga Eastholme, can bakin teku, tafiyar awa uku a mota. Yayarta Muriel tana can a gidan tsofaffi, kuma ita kaɗai ta rage mata a duniya. Muriel ta fara mantuwa, ta bar buta a wuta, ta kira maƙwabciya da sunan wata, amma muryar ƙanwarta ba ta ɓace mata ba, duk Lahadi sai ta buga waya. Ɗakin da ke jikin nata ya zama babu kowa. Mai kula da gidan ya ce zai riƙe wa Enid shi har ƙarshen Nuwamba, in ba ta shiga ba sai ya ba na gaba a layi. Wato tana da mako shida, da gwangwani talatin da ɗaya.

Ranar Litinin ta same ni ina lodin buhunan da suka rage. Anti nake ce mata, kamar duk wanda ya tashi a layin coci, ita kuma har gobe yaro nake a wurinta, da furfurata da komai.

"Kai yaro, wannan akwalar taka tana iya tafiya mai nisa?"

Na ce ta kai ta ko'ina, in dai ba za a riƙa zaginta a gabanta ba. Ta ce to in share kujerar gaba, don ba za ta zauna a kan ɓawon gyaɗa da rasit ɗin bara ba, gobe za mu fara mayar wa mutane kayansu. Na ce wa zai karɓi kek ɗin shekara ashirin? Ta ce ba ta ce su ci ba, ta ce nasu ne.

Muka fara da na cikin gari. Na ɗauka aikin kwana biyu ne, ashe ban san abin da muke ɗauke da shi ba. Gidan Arnold da Beryl Crowther shi ya fara nuna mini. Shekara talatin da huɗu da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Beryl ta buɗe ƙofa, ta ga gwangwanin, ta ga rubutun, sai ta dafa bango. Ta ce ita duk shekarun nan in ta zo daidai kantin tsallaka titi take yi, don kada a leƙo a tambaye ta yaushe za ta zo ɗauka. Enid ta ce wa zai tambaye ta, ai ajiya ba ta tambaya. Arnold ya ɗauko wuƙar burodi ya ce yau sai ya ɗanɗana abin da ya biya, wuƙar ta lanƙwashe, ya ce madalla, ya samu abin tare ƙofar gareji. Beryl ba ta yi dariya ba. Ta karɓe shi ta mayar da murfin, ta ɗora a cinya ta riƙe da hannu biyu. Haka muka bar ta.

Ba kowa ya yi mana haka ba. Wani da matarsa ta gudu ta bar shi ya ce mu jefa a kogi, ya buga ƙofa har gilashi ya yi ƙara. Na ce to an gama da wannan. Enid ta ce rabi ne nasa, ba shi da ikon jefar da rabin wata. Ta bi ta wurin uwar mutumin ta samo inda matar take, muka yi awa biyu a hanya don mu miƙa gwangwani a bakin ƙofa, matar ta karɓa ta rufe ƙofa. Wata kuma ta ƙyalƙyace da dariya ta ce tsuntsayen lambunta sun gode. Enid ba ta damu ba. In dai mai shi ne ya yanke hukunci, ko a bola ya sa ta gamsu.

Na goma sha bakwai nawa ne. Desmond da Glenys, rubutun ya koɗe amma ana karantawa. Shekara goma sha ɗaya muka yi da Glenys babu ɗa, maganar ta ƙare a tsakaninmu tun kafin auren ya ƙare, ta tafi, daga baya ta auri wani mai gyaran bututu a garin gaba. Duk shekarun da nake shiga ɗakin nan ina sauke fulawa na san yana kan kanta ta uku, ban taɓa juyawa wajen ba. Na ce wa Enid wannan ba sai mun ƙona mai ba, ga ni, na yafe. Ta ce suna biyu ta gani a murfi. Na ce ba zan je ba. Ta ce to za ta hau bas.

Na kai ta. Na zauna a mota ta je ta ƙwanƙwasa. Can sai ga Glenys ta fito da silifas, ta leƙo ta taga ta ce har yanzu ban koyi fitowa daga mota in gai da mutane ba? Muka zauna a kicin ɗinta mu uku, ta zuba shayi, ta buɗe gwangwanin. Takardar ciki sabuwa ce, ta watan Afrilu. Glenys ta shafa ta da yatsa, ta tambayi Enid ko duk shekarun nan tana sakewa. Enid ta ce sau biyu a shekara, kamar na kowa. Da Glenys ta ɗago ni ta kalla, ta ce ita ta ɗauka babu wanda ya ƙara tuna cewa mun taɓa sa rai. Ta riƙe gwangwanin. A hanyar dawowa Enid ta ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, in taka motar mana.

Zuwa ashirin ga Nuwamba mun mayar da ashirin da biyu. Tara suka gagara. Wasiƙun da muka aika sun dawo ba a buɗe ba, wasu an ce sun haye teku, wasu babu wanda ya san inda suka nufa. An riga an karɓi makullin kanti, don haka na kwashe taran na sauke su a ɗakin ƙasa na gidanta, wanda shi ma na dutse ne. Ta rubuta takarda ta manna a ƙofar kantin, cewa mai ajiya ya zo lamba shida, layin coci.

A nan muka ɓata. Muna dawowa daga wani gida da muka tarar an rushe, ana ruwa, na tsaya a gefen hanya muka sha shayi daga fulas. Na ce saura kwana goma, ta fara haɗa kaya, taran nan ni zan riƙe. Ta ce a garejin nawa da ke yoyo? Na ce to ta tafi da su. Ta ce ɗakin can ɗumama shi ake yi dare da rana, wata ɗaya za su lalace, ban da haka waɗannan mutane Skelbeck suka sani, wa zai neme ta a Eastholme? Ta ce za ta roƙi mai gidan ya ƙara mata zuwa bazara, kafin nan an zo an ɗauka. Ni kuwa ba ni da haƙurin zagaye-zagaye.

"Anti, ba za su zo ba. Duwatsu ne a gwangwani. Yayarki kuwa tana da rai, tana jiranki."

Ta juya kofin a hannunta, ta kalli ruwan da ke bin gilashi.

"Na ce musu ina nan, Desmond. Ba kai ka faɗa ba, ni na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, suna sanye da fararen kaya."

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce ashe ta fi son gwangwani da 'yar uwarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe fulas, ta ajiye mini a kujera, ta buɗe ƙofa ta sauka. Mil ɗaya da rabi ta taka a cikin ruwa, ina bin ta a hankali da mota kamar mai rakiyar gawa, ko waiwaye ba ta yi ba. Mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Mai gidan tsofaffin bai ƙara mata lokaci ba, kuma ban ga laifinsa ba, akwai mutane a layi. Ranar ɗaya ga Disamba aka ba wani ɗakin. Enid ta ce ba komai, wani zai buɗe, ita da Muriel sun yi shekara saba'in suna jiran juna, wata huɗu ba zai kashe su ba.

Lokacin sanyin nan ita kaɗai ta yi shi. Babu tanderun da za ta kunna, amma biyar saura kwata fitilarta a kunne take, na sha gani in zan fita. Ba ta zuwa ko'ina mai nisa don kada a zo ba ta nan. Ko Kirsimeti ba ta je Eastholme ba, ta ce lokacin ne waɗanda suka bar gari ke dawowa ganin dangi. Kuma gaskiyarta, biyu sun zo a makon. Wayar Lahadi ta fara tsallake mako, daga baya sai ita ke bugawa, a ce Muriel tana barci.

Ni da na ce ba za su zo ba, dole in faɗi abin da na gani a watan Fabrairu. Na je gyara mata famfo, aka ƙwanƙwasa. Fiona da Callum Brearley ne, waɗanda suka koma arewa shekara tara da suka wuce. Sun je kanti sun tarar da katako a tagogi, Fiona ta fara kuka a titi, sai mijin ya hango takardar. A hannunta jaririya ce 'yar wata biyu, wadda suka samu bayan likitoci sun ce su daina wahalar da kansu. Fiona ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa tambaya. Enid ta dube ta, ta dubi jaririyar, ta ce su shigo daga sanyi, nasu ne na biyu daga hagu. Ta gasa musu sabo ƙarami wanda za a ci, ta kankare tsohon ta shafa masa sabon sukari, ranar suna aka jera su biyu a tebur ɗaya. Wannan karon an ba ta kujera a gaba. Ta zauna minti goma ta tashi ta nufi wajen kofuna.

Bayan su wasu biyu sun zo. Yanzu saura huɗu.

Anti Enid, na san za ki ce wa ya aike ni. Babu. Ke ce kika ciyar da garin nan a ranar farin cikinsa da ranar kukansa, kina bayan ƙofa. Ke ce kika riƙe wa mutane abin da su kansu suka kasa kallo, ba ki taɓa tare wata a hanya kin tambaye ta ina labari ba. Uwar tanderu, mai magana ɗaya. Ban ce kin yi daidai ba. Har yanzu ina ganin da kin bar mini taran nan kin tafi, kuma in kika tambaye ni gobe haka zan ce. Amma na yi shekara hamsin da shida ina jin mutane suna cewa suna nan, ke kaɗai na ga an zo an tarar. Na gode. Glenys ma ta ce in faɗa miki, da Beryl, da Maud.

Ku kuma mutanen Skelbeck, lamba shida ce, layin coci, ƙofa mai launin kore. Ba ta buƙatar fure ko allon tunawa. Ku je ku zauna ku sha shayi, ku bar ta ta gaya muku kek ɗinku bai gasu ba. Masu ƙananan shekaru ku je da ƙwai da fulawa ku ce ta nuna muku, don in hannun nan ya tafi babu littafin da zai dawo da shi. Wanda kuma ya san sunansa na kan ɗaya daga cikin huɗun nan, ko ya san mai shi, don Allah ya zo ya sallame ta. In za ku yi koyi da ita, ku yi, garin zai fi haka kyau. Sai dai ku san abin ba kyauta ba ne.

Ranar Asabar ɗin Ista na kai ta Eastholme. Ta gasa kek ɗin Ista irin na uwarsu, mai ƙwallaye goma sha ɗaya a sama, ta riƙe shi a cinya duk awa ukun. Muriel tana zaune a bakin taga, an taje mata kai. Ma'aikaciyar da ta shigar da mu ta gaya mini a hankali cewa har wajen sabuwar shekara kullum sai tsohuwar ta tsaya a ƙofar ɗakin kusa tana tambaya ko an iso, daga baya ta daina tsayawa. Enid ta sunkuya ta sumbace ta a goshi, ta kira sunanta. Muriel ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo mai kirki. Aka yanka kek, ta ci a hankali, ta tsince zabibin da ya faɗo a rigarta.

"Ba laifi, baiwar Allah," in ji ta. "Amma ƙanwata Enid ta fi ki hannu. Tana nan zuwa, an ajiye mata ɗakin nan na kusa."

Ta bangon muna jin talabijin ɗin mutumin da aka ba ɗakin. Enid ta ciro hankici ta share mata gefen baki.

"To, Allah ya kawo ta lafiya," ta ce.

Mun yi awa biyu a wurin, mun koma sau uku tun daga nan, kuma ba ta sake zani ba. Muriel tana da rai, tana cin abinci, tana jiran ƙanwarta. Ƙanwar tana zaune a gabanta riƙe da hannunta, Muriel kuwa ba za ta ƙara ganinta ba.